Katin «Ka Ci» da Mai Wasa Ya Bar Mini

A safiyar Talata, sha tara ga watan Agusta, da misalin ƙarfe tara da rabi, Allah Ya karɓi ran mutumin da unguwarmu da ma'aikatan maɗaba'a suka sani da Mai Wasa, a asibitin da ya yi kwana ashirin da uku yana jinya. Ya rasu yana da shekara sittin da bakwai. Ya bar matarsa, da 'ya'ya huɗu, da jikoki shida, da wani wasan tebur mai suna Mashigi da ya ƙirƙira da hannunsa, wanda yau ake yi a gidajen da bai taɓa taka ƙofarsu ba. Dukkanmu na Allah ne, kuma wurinSa kowa zai tattara ya koma.

Ni kuwa, Yaya, ka bar mini aiki. Mako guda kafin ka cika, ka ɗora mini hukuncin wani kati guda ɗaya daga cikin katunan wasan nan sittin, katin da muka yi shekara goma sha ɗaya muna gardama a kansa: ko a bar shi a bugu na shida da ke shirin shiga inji, ko a cire shi har abada. Na san mai karatu zai ce wannan ƙaramin abu ne da za a kawo a ta'aziyya. Amma duk wanda ya zauna da kai ya san halinka gaba ɗaya yana cikin katin nan, kuma ban san wata hanyar da zan bi in faɗi ko wane ne kai ba, in ba ta nan ba.

Ba uwarmu ɗaya ba, ba ubanmu ɗaya ba. Shekara tara da ka ba ni ce ta sa nake ce maka Yaya, kai kuma tun ranar farko ba ka taɓa kirana da komai ba sai Jan Biro. Na san ka tun kana zana tallace-tallace a jaridar da na yi wa aikin tace labarai shekara ashirin da biyu. Da jaridar ta rufe, na yi wata huɗu a gida ina gyara kurakuran da ke jikin kwalin magani da takardar makarantar yara, har matata ta fara ɓoye biro. Wata ranar Lahadi da hantsi ka yi sallama, riƙe da takardu huɗu da ka rubuta da hannu.

Ka ce, kamar ba ka san ni ba, «An ce mini kai ne mutumin da ba ya barin waƙafi ya zauna inda ba gidansa ba. Ga dokokin wasana. Ni na gane su, matata ta gane su, amma duk wanda na ba sai ya dawo yana tambayata.»

Sai daga baya na fahimci babbar 'yarka ma za ta iya gyara takardun nan cikin awa ɗaya. Ka ga zaman gida yana cina ne, ka nemo mini dalilin sa takalmi da safe, kuma har ka bar duniya ba ka taɓa nuna cewa taimako ka yi ba.

Ɗakin aikinka yana bayan maɗaba'a, an raba shi da ɗakin injuna da bangon katako. Akwai dogon tebur da ƙafarsa ɗaya ta gaza, ka tokare ta da tsohon littafin samfurin launuka. Akwai fankar sama da ke kwashe katuna in an kunna ta, sai kowa ya danne nasa da abin da ya samu. Kullum ɗakin yana warin gam da tawada. A gefen taga kake zama kana goge kusurwar 'yan mutanen katako da ake wasan da su, ɗaya bayan ɗaya, kana gwada kowanne a kumatunka, don ka ce fatar hannunka ta yi kauri, ba za ta ji abin da zai yanki jariri ba. Duk wanda ya aiko cewa kati ɗaya ya ɓata masa, ko akuya ta cinye, ko yaro ya jefa a ruwa, sai ka zana masa wani da hannu ka aika, ka haɗa da 'yar wasiƙa kana tambayar lafiyar akuyar.

Wasan kansa mai sauƙi ne, kuma ba ruwansa da caca. Allo ne da aka zana kogi a kansa, da duwatsu talatin a jere daga wannan gaɓa zuwa waccan. Kowa yana da matafiyi na katako, kuma yana riƙe da kati uku a hannu da ba wanda ke gani. Kowane kati yana ba matafiyi wata baiwa: wani ya tsallake dutse uku, wani ya mayar da abokin wasa baya, wani ya kare shi daga ambaliya. Wanda ya riga kai gaɓa shi ya yi nasara.

A cikin katunan akwai ɗaya da aka rubuta da manyan baƙaƙe: KA CI. Sabon ɗan wasa in ya ja shi, sai ka ga ya gyara zama. Yakan ɓoye shi a bayan sauran, ya ƙi sakinsa ko da wani kati mai amfani ya zo, yana ta danne murmushi, har sai wasa ya yi zafi, sannan ya buga shi a tebur. A nan ne wani zai ce masa ya karanta abin da ke ƙasa. Da ƙaramin rubutu an sa: «Matafiyinka ya zauna a kan dutse, ya buɗe jakarsa ya ci abinci. Ba ya tafiya a wannan zagaye.»

Ranar da na fara ganinsa na ja masa layi, na rubuta a gefe: a cire. Hujjata ta ɗan jarida ce. An koya mini cewa kan labari alkawari ne, kuma editan da ya sa kan da cikin labarin bai cika ba ya yaudari mai karatu, ko da kowace kalma a cikinsa gaskiya ce. Na ce mutum yana shiga wasa ne bisa amana, ya yarda cewa abokan wasa za su yi masa dabara, amma wasan kansa ba zai yi masa ba. Alƙali ba ya shiga fili ya sa wa ɗan wasa ƙafa.

Ka saurare ni har na gama, kana goge wani matafiyi. Sannan ka ce, «To ina ƙaryar? Ya ci ko bai ci ba?»

Na ce, «Ba cin da yake nufi ba ke nan.»

«Cin da yake nufi ni na rubuta masa? Shi ya zo da shi daga gida.»

Haka muka fara, kuma ban taɓa gardama da mutumin da ke jin daɗin a musa masa kamar kai ba. Na je na karanta abin da masu tsara wasanni na wasu ƙasashe suka rubuta a kan irin wannan, na tarar su ma ba su daidaita ba. Wasu na ganin duk baiwar da aka sa don ta ruɗi ɗan wasa haraji ne da ake ɗora wa sabon shiga, don tsofaffin hannu su ji daɗi. Wasu na ganin wasan da ba ya tsokanar mai yinsa kamar takardar jarrabawa yake. Na kawo maka na farkon na ɓoye na biyun. Ka gane, ka ce, «Jan Biro, littafin naka shafi ɗaya gare shi?»

Abin da kake tsayawa a kai shi ne, ba wanda katin ke kayarwa sau biyu. Mutum ya faɗa sau ɗaya, ya rasa zagaye ɗaya, daga ranar ya shiga cikin waɗanda suka sani, kuma abin da zai fara yi shi ne neman wanda zai koya wa wasan. Kana da shaida, don duk ranar Asabar da la'asar kana tara mutanen layi su gwada maka wasa: telan da ke daura da mu, wata ma'aikaciyar jinya da ke biyowa in ta tashi aiki, mai gyaran agogo, da duk wanda ya leƙo. Ba ka kallon allo, fuskoki kake kallo, kana rubutu a ƙaramin littafi. Kai kanka ba ka iya wasan ba. A shekarun nan duka sau uku na ga ka kai gaɓa, ɗaya daga ciki ma ma'aikaciyar jinyar ce ta tausaya maka.

A shekara ta huɗu abin da nake tsoro ya faru. Direban da ke kai mana kwalaye shaguna, mutum mai kamun kai da ba ya son raini, ka ba shi kwali ɗaya kyauta. Ya tafi da shi gidan surukansa ranar da ƙannen matarsa suka taru, dukkansu sun yi karatu mai zurfi, shi kuwa a aji huɗu ya tsaya. Manyan baƙaƙe yana haɗa su a hankali, ƙananan kuwa sai ya daɗe. Ya ja katin, ya karanta kalma biyun da kansa, ya riƙe shi har ƙarshe, ya buga, ya miƙe tsaye a gaban matarsa. Aka yi dariya. Ƙaramin cikinsu ya ɗauki katin ya karanta masa abin da ke ƙasa, kalma ɗaya bayan ɗaya, yana bi da yatsa kamar mai koya wa ɗan aji ɗaya.

Ranar Litinin ya shigo ya ajiye kwalin a kan dogon teburin. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, «Malam, na gode. Ashe wasan na masu karatu ne, da ka faɗa mini.» Ya ba da labarin a taƙaice, ya fita ya tayar da mota.

Ban taɓa ganin fuskarka haka ba. Ka daɗe kana kallon kwalin. Can ka ce, «Jan Biro, yau ka ci.»

Ban so in yi wasa ba, amma shekara huɗu da kai ta lalata ni. Na ce, «Wane cin?»

Ka ce, «Na gaske. Babu ƙaramin rubutu.»

Na ɗauka a nan katin ya ƙare. Washegari ka shiga motar haya ka je gidan direban, ka ba shi haƙuri a gaban matarsa, ka ce laifin na mai zane ne, don duk barkwancin da sai mai ido da boko zai kauce masa tarko ne aka ɗana wa mutum ɗaya. Sannan ka roƙe shi alfarma: ya zo ranar Asabar ya zama alƙalin gyaran, abin da ya ce bai yi ba, ba za a buga ba.

Mako uku kuka yi a kai. Da farko zanen da ke katin wani abu ne mai kama da kambun nasara, wanda sai an ƙura ido ake gane murfin kwano ne. Direban ya ce wannan ma ƙarya ce, da fenti aka yi ta. Ka cire shi, ka zana mutum zaune a kan dutse, ya miƙe ƙafa, kumatu cike, kwano a cinya, yadda ko daga ƙofa za a gane abin da yake yi. Ka ƙara girman rubutun ƙasa. Direban ya sake dubawa ya ce, «To Malam, mutum ya ci abinci kuma ya tashi yadda yake? Ai ko mota aka ba ta mai, ta fi gudu.» Daga bakinsa aka samu layin da ke katin har yau: «A zagaye na gaba, ƙarfi ya zo masa, yana ƙara dutse biyu.»

Abin da ya biyo baya ban yi tsammaninsa ba, kuma a matsayina na wanda ya rayu da rubutu, bai yi mini daɗi ba da farko. Wanda karatunsa bai yi nisa ba, hoton yake fara kallo, ya ga mai cin abinci, ya gane. Waɗanda katin ya ci gaba da kayarwa su ne irinmu, masu karanta kan labari su wuce. Na ga lauya ya faɗa. Na ga shugabar makaranta ta faɗa, ta ce a ba ta katin ta nuna wa ɗalibanta masu amsa tambaya kafin su gama karanta ta. Direban kuwa ya zama gwanin katin, yana ajiye shi da gangan, ya zauna ya ci a daidai lokacin da ambaliya za ta kwashe na gaba, sannan ya wuce su. Har yau in ya buga shi yakan ce wa abokan wasa, «Bismillah, ku matso.»

Duk da haka ban sauka daga ra'ayina ba. Na yarda katin ya daina zalunci, amma ina ganin har yanzu yana sa sabon ɗan wasa ya yi zargin sauran katuna hamsin da tara, kuma wasa ba ya buƙatar haka. A bugu na uku, da na huɗu, da na biyar, na rubuta «a cire» a gefensa. Kai kuma kowane karo ka rubuta a ƙasa, «an gani, an gode.» Mun mayar da shi kamar gaisuwa.

Ranar da na je duba ka ta ƙarshe, da azahar ce, an ɗaga maka gado, matarka tana zaune a gefe tana yi maka fifita da murfin kwalin wasan. Ka rame ƙwarai, amma idonka yana nan yadda na san shi. Ka tambayi inda aka kwana a bugu na shida. Na ce ana tsara shafuka.

Ka ce, «Wannan ba zan gan shi ba. Katin yana hannunka. In ka cire, ba zan yi fushi ba.»

Matarka ta ce, «Ka ji shi. Yaushe ka taɓa fushi da za ka fara yanzu?»

Ka ce, «Shi ya sa na ba shi. Da ke na ba, da kin bar shi don tausayina. Wannan ba ya tausayin kowa in yana riƙe da biro.»

Muka yi dariya mu uku, kuma ita ce dariyarmu ta ƙarshe tare.

Jiya da safe, kwana tara bayan rasuwarka, babbar 'yarka ta kawo mini samfurin gwaji na bugu na shida gida. Ita ce za ta ci gaba da riƙe ɗakin aikin, kuma ta riga ta sa an gyara ƙafar teburin. Ta ce masu inji suna jira zuwa azahar. Na zauna na bi katunan ɗaya bayan ɗaya kamar yadda na saba, ina jinkirta isa wurin, don har lokacin ban yanke ba. Na yi niyyar in yi maka adalci ta hanyar yin abin da na yi imani da shi, tunda don haka ka zaɓe ni.

Da na iso, sai na ga an riga ni. Mai tsara shafukan maɗaba'ar sabuwa ce, watanta biyu da fara aiki, mai kula ce ƙwarai, kuma ba ta taɓa yin wasan ba. Ta ga kan katin bai dace da hoton da bayanin ba, ta ɗauka kalma ce ta faɗi a bugun baya, ta mayar da ita. Da manyan baƙaƙe, tsaf, an rubuta: KA CI ABINCI.

Babu kuskure a ciki ko ɗaya. Kan ya cika alkawarinsa, ba wanda zai ruɗe, ba wanda zai miƙe tsaye. Abin da na yi shekara goma sha ɗaya ina nema ke nan, har ya fi, don ba a ma cire katin ba. Na dube shi na ga kati ne kamar sauran, mai ba da hutu da dutse biyu, wanda ba wanda zai ɓoye shi yana murmushi, ba kuma wanda zai je neman maƙwabci don ya koya masa wasa saboda shi. Ban gama wannan tunanin ba na ga hannuna ya riga ya ja layi a kan kalma ta uku, ya rubuta a gefe: a cire.

'Yarka ta leƙo ta karanta. Ta ce, «Kawu, katin za a cire?»

Na ce, «Kalmar. Katin a bar shi yadda babanki da direba suka bar shi.»

Ta ce, «Da yana nan da ya rubuta maka an gani, an gode.»

Na ce ta rubuta da hannunta, ta rubuta. Na kuma roƙe ta kada a yi wa mai tsara shafin faɗa, a gayyace ta ranar Asabar, a ba ta kujera, kada kowa ya gaya mata komai.

Ban ce na yi kuskure a duk shekarun nan ba, Yaya. Har gobe ina nan a kan cewa wasan da ya ruɗi mai yinsa don a yi masa dariya bai yi adalci ba, kuma kai ma ka yarda da haka ranar da ka shiga motar haya. Abin da na koya a wurinka shi ne ana iya tsokanar mutum a bar masa mutuncinsa, in gaskiyar tana gabansa a fili, in faɗuwar ba ta da zafi, in kuma ya tashi da abin da bai zo da shi ba. Wannan aiki ne mai wuya, ya fi cirewa wuya, kuma ka yi shi a kati, ka yi shi a zama da mutane. Ranar Asabar mai zuwa za a buɗe ɗakin kamar kullum. Tela ya ce zai zo, direba ya ce shi zai raba katuna.

Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka, wadda ta yi shekara arba'in da ɗaya tana haƙuri da gam a jikin labule, da 'ya'yanka huɗu da jikokinka, da ƙannenka, da ma'aikatan maɗaba'a, da mutanen ranar Asabar. Allah Ya ba su haƙuri, Ya haɗa kansu, Ya albarkaci abin da ka bari a hannunsu.

Allah Ya jiƙanka, Ya gafarta maka abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Ya yalwata makwancinka, Ya haskaka shi, Ya saka maka da alheri a kan kowane mutum da ka faranta wa rai ba tare da ka ƙasƙantar da wani ba. Allah Ya sa ka ci, Yaya, cin da babu wani rubutu a ƙarƙashinsa. Mu kuma in tamu ta zo, Ya sa mu cika da imani. Amin.